Killace Kaji, Agwagi da Dinyoyi Lokacin Murar Tsuntsaye: Darasi Ga Gidajenmu na Birikiteri

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana dabbobi da tsuntsaye, Ya sanya mana abinci da amfani a cikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu da za a karanta wa wannan ɗan littafi a gida, darasin da na zaɓa bana ya shafi abin da muke gani kullum a lungunan unguwarmu: kaji da agwagi suna yawo daga wannan gida zuwa wancan, suna tona bola, suna shan ruwan kwata. Wani gidan har da dinya, wani da zabi da tattabaru. Kiwon sake ke nan, shi muka gada. Ba ya cin kuɗi, kuma kazar uwa ita ce asusunta: in yaro ya kwanta rashin lafiya a kama ɗaya a kai kasuwar Mokolo, in baƙo ya sauka a yanka ɗaya, in salla ta zo a fita kunya. To amma akwai lokacin da wannan sakin yake zama hanyar asarar garken gaba ɗaya, har ya taɓa lafiyar mutanen gida. Lokacin shi ne sa'ad da murar tsuntsaye ta shigo gari. Za mu duba mece ce cutar, yadda ta taɓa zuwa mana nan Yawunde, abin da shari'a ta ce, sannan yadda ake killace tsuntsaye ba tare da an zalunce su ba.

Fasali na farko: Mece ce murar tsuntsaye?

Cuta ce da wata ƙwayar bairos take haddasawa, 'yar dangin ƙwayar murar da mutane ke yi. Tana da iri-iri, amma wadda ta fi yi mana ɓarna a Afirka ita ce ake kira H5N1. Asalin mazauninta tsuntsayen ruwa na daji, wato agwagin daji da dinyoyin daji. Su sau da yawa suna ɗauke da ita suna tashi abinsu, amma idan ta shiga cikin kaji ko talotalo sai ta yi musu kisan kiyashi. Garken da ya kwana lafiya, cikin kwana biyu ko uku sai a rasa mafi yawansa.

Alamominta a jikin kaza su ne: mutuwar farat ɗaya, da yawa a lokaci guda, kumburin kai da fuska, zanko ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi, jini ya kwanta a fatar ƙafafu, numfashi da ƙyar, zawo, daina ƙwai, ko ƙwai mai laushin ɓawo. A agwagwa da dinya wani lokaci a ga wuya ya karkace, tana juyi ba ta iya tsayawa. Wani lokacin kuma ba a ganin komai a jikin agwagwa, alhali tana zubar da ƙwayar cutar a kashinta. A riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Tanbihi: waɗannan alamomi suna kama da na fakat, cutar da iyayenmu suka sani tun da can. Ido kaɗai ba ya raba su, sai an kai samfur ɗakin gwaji. A Kamaru muna da LANAVET, babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da ke Garwa, muna kuma da cibiyar Pasteur, wadda take nan Mesa kusa da mu. Kuma rigakafin fakat da ake ɗiga wa kaji ba ya kare su daga murar tsuntsaye. Kafson da ake zuba musu a ruwa ma ba ya kashe bairos, haka barkono da saƙe-saƙin maɗaci. Kazar da ta kamu ba ta da magani. Shi ya sa dukkan ƙoƙari yake komawa kan hana ta kamuwa.

Fasali na biyu: Taƙaitaccen tarihi

An fara gano wannan nau'i mai zafi a jikin dinyoyin gida a lardin Guwandon na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu, hukuma ta sa aka kashe kajin garin gaba ɗaya, fiye da miliyan ɗaya. Daga 2003 zuwa yau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutane fiye da 800 da suka kamu da H5N1, kusan rabinsu sun mutu. Mafi yawansu mutane ne da suka taɓa tsuntsu marar lafiya ko mushensa, suka yanka, suka fige. Ba ta saba wucewa daga mutum zuwa mutum ba, alhamdu lillahi, amma wanda ta kama tana yi masa tsanani.

A Afirka, ƙasar Hausa ce ta fara ganinta. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a wata babbar gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, daga nan aka ji ta a Kano da Filato. Cikin watan nan ta ɓulla a Magarya a Nijar, a jikin agwagi. A watan Maris na shekarar ta iso Kamaru, aka same ta a Marwa, nan ma a jikin agwagi. A farkon 2007 wata matashiya ta rasu da ita a Legas.

Mu nan Yawunde, shekarar da ba a mantawa ita ce 2016. A ƙarshen watan Mayu, ana saura kwanaki kaɗan a kama azumin 1437, kaji kusan 15,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki a babbar gonar kaji ta Mvog-Betsi, daga cikin kimanin 33,000 da ke wurin. Ministan kiwo Dakta Taiga da ministan lafiya na lokacin, André Mama Fouda, suka fito suka sanar da jama'a. Aka kashe sauran kajin gonar, aka hana cinikin kaji a duk faɗin Mfundi. Ba a jima ba aka ji ta a Bafusam, yankin Yamma, inda mafi yawan kaji da ƙwan ƙasar nan suke fitowa. Masu kiwo, masu sari, masu figa a kasuwar Mvog-Ada, masu gashi, kowa ya ji a jikinsa. A Fabrairun 2022 ta sake ɓulla a wata gona kusa da Bafusam. Kun ga ke nan, abu ne mai tafiya ya dawo, gara mu san abin yi tun kafin ya sake ƙwanƙwasa ƙofa.

Fasali na uku: Ta ina take shigowa gida?

Ƙwayar cutar tana fita a kashin tsuntsu, da majinarsa, da yawunsa. Tana son sanyi da laima. An gwada an ga tana rayuwa a kashin tsuntsu fiye da wata guda idan wurin yana da sanyi sosai, a cikin zafi irin na jikin mutum kuwa kamar kwana shida. Firiji ba ya kashe ta, sai ma ya adana ta. Abin da ke kashe ta shi ne wuta, da sabulu, da jabel.

Hanyoyin shigarta manya guda huɗu ne. Ta farko, tsuntsayen daji. Kowace shekara lokacin sanyi agwagin daji suna tasowa daga Turai da Asiya su sauka a tafkin Cadi, da fadamun Lagone, da na Haɗeja da Nguru. Ta biyu, wadda ta fi kusa da mu a birni, ciniki: kaza ko agwagwa da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo tsaraba daga Arewa, aka sake ta cikin na gida. Ta uku, kaya da mutane: keji, kwandon ƙwai, buhun dusa, tayar babur, takalmin wanda ya taka kashi a kasuwar kaji ya shigo tsakar gida. Ta huɗu, ruwa. Yawunde gari ne na tuddai, ga damina biyu a shekara. Abin da aka zubar a kwatar gidan sama, ruwa zai gangaro da shi ƙofar gidan ƙasa. Mushen kaza ɗaya da aka jefa a kwata yana iya bi ta gidaje goma, agwagin kowane gida suna dagwalo a ciki.

Yanzu ku duba yadda unguwarmu take. Gida manne da gida, lungu bai wuce mutum biyu su gifta ba, bola ɗaya ce ta kowa. A irin wannan zama babu wani abu wai shi "kajina" da "kajinki" a wajen cuta. Duk kajin layi garke ɗaya ne, tunda wuri ɗaya suke ci, wuri ɗaya suke sha. Amfanin killacewa shi ne ta yanke wannan cuɗanya: naki su zauna a naki, nawa su zauna a nawa, tsuntsun daji kuma ya rasa inda zai sa baki.

Ba mu kaɗai ake ce wa haka ba. A Ingila, daga 7 ga Nuwamban 2022 zuwa 18 ga Afrilun 2023, doka ta tilasta wa kowa ya kulle tsuntsayensa, mai dubu ɗari da mai kaza uku a bayan gida duk ɗaya.

Fasali na huɗu: Me shari'a ta ce?

Wani zai ce, ai kwanan kaza in ya ƙare ya ƙare, ko an kulle ta ko an sake ta. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarar Allah. Amma mun karanta a darasin tauhidi cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Ga dalilai huɗu, na kawo ma'anarsu da bakina.

Na ɗaya: ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi), cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya su cuɗu da lafiyayyun raƙuman wani. Ku lura, hadisin a kan dabbobi ya zo kai tsaye, kuma a kan wurin shan ruwa. Akwai wani hadisin da ya kore cewa cuta tana ɗaukar wani. Malamai sun haɗa su biyun da cewa: abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya, cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta, abin da aka tabbatar shi ne Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, don haka a nisance ta.

Na biyu: ƙissar Sayyidina Umar (Allah Ya yarda da shi) lokacin da ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka gaya masa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya samu kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin annoba, ya kuma hana fita daga cikinsa. Wannan shi ne asalin abin da hukuma ke yi idan ta hana fitar da kaji daga wani yanki ko shigar da su.

Na uku: ƙa'idar fiƙihu ta hana cutarwa. Haƙƙin maƙwabci babba ne. Wanda ya san akwai cuta a gari, ya saki agwaginsa suna shiga gidajen mutane, in asara ta biyo baya yana da kaso a ciki. Kuma idan hukuma ta kafa doka don maslahar jama'a, wadda ba ta saɓa wa Allah ba, bin ta ya zama dole.

Na huɗu, fa'ida ce daga babin tsarki. A mazhabar Imamu Malik, kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne, sai fa idan yana cin najasa. Kuma an karhanta alwala da ragowar ruwan da sakakkiyar kaza ta sha, saboda ba ta ƙyamar ƙazanta. Ashe tun da can malamanmu sun bambanta kazar da ke killace da wadda ke yawo. Wanda ya killace kajinsa ya huta da shakka a kan tabarmar sallarsa da butarsa.

To amma shari'ar da ta ba mu damar killacewa ta ɗora mana nauyi. Duk mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. Kazar da ke yawo ita ke ciyar da kanta. Ranar da ka rufe mata ƙofa, cinta da shanta sun dawo wuyanka. Malaman fiƙihu sun ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita. In ya kasa, ya sayar ko ya yanka.

Fasali na biyar: Yadda ake killacewa

Wuri. Ba sai an gina ɗaki ba. Kusurwar tsakar gida ta isa, a kewaye ta da ragar waya da 'yan katakai, a rufa sama da tsohon kwano ko tanfol. Rufin sama shi ne muhimmi, don kashin tsuntsun da ke wucewa kada ya faɗo ciki. Idon ragar ya zama ƙanana, kamar santimita biyu da rabi, yadda ƙananan tsuntsaye ba za su kutsa ba. A bar iska tana ratsawa, domin akurkin da aka toshe ko'ina warin kashi kaɗai ya isa ya sa musu ciwon numfashi. Kada a cunkusa su: manyan kaji uku ko huɗu sun isa a faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. A gitta musu sanda su riƙa hawa da dare. Kuma kada wurin ya zama kusa da madafa, ko randa, ko inda yara ke kwana.

Shimfiɗa. A zuba ɓuntun katako daga wajen kafintoci, ko ƙaiƙayin shinkafa. In ya jiƙe a kwashe a sa busasshe. Kashin da aka kwashe a tara shi a buhu ko rami a rufe, kada a zuba a kwata.

Abinci. Babbar kaza tana cin kamar giram 100 a yini, tana shan ruwa kusan ninki biyu na haka. Dusa kaɗai ba za ta riƙe ta ba, don a waje tana samun ƙwari da tsutsa da ganye. A haɗa mata tsakin masara da dusa, da ɗan garin busasshen kifi ko tunkuzar gyaɗa, da ganyen da aka tsince a madafa, da ragowar tuwo da shinkafa matuƙar ba su lalace ba. Mai ƙwai a daka mata ɓawon ƙwan da aka dafa. A ajiye ɗan tsakuwa ƙanana, da shi take niƙa abinci a ƙundunta. Kwanon ci da na sha su zauna a ƙarƙashin rufi, a wanke su kullum da sabulu. Ruwan famfo ko na rijiya mai murfi za a ba su, ban da ruwan rafi, ban da wanda ya gangaro daga kwanon ɗaki inda tsuntsaye ke sauka.

Shiga da fita. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin kula da su. A ware silifa ɗaya na shiga wurinsu, ba a fita da shi waje. A ajiye roba da ruwan jabel a bakin ƙofa, a riƙa sabunta shi, a kuma goge laka kafin a tsoma, don jabel ba ya aiki a cikin datti. A wanke hannu da sabulu kafin shiga da bayan fita. Ƙananan yara da mai juna biyu su nisanci aikin. Lokacin annoba kada a sayo sabon tsuntsu, kada a karɓi aron zakara. Ko lokacin lafiya ma, sabon zuwa a ware shi mako uku kafin ya shiga cikin 'yan gida.

Gajiya da faɗa. Kazar da ta saba yawo in aka kulle ta takan fara tsattsagar 'yar'uwarta. A rataya musu damin ganye su riƙa tsalle suna ci, a watsa ɗan tsaki cikin shimfiɗa su yi tono, a ajiye kasko da yashi da toka su yi birgima. Zakaru in sun yi yawa a rage.

Fasali na shida: Mas'alar dinya da agwagwa

Waɗannan su suka fi wuya, kuma su suka fi hatsari. Mun faɗa a baya cewa agwagwa tana iya ɗaukar cutar ba ta nuna ba. Don haka ƙa'ida ta farko: kada a kulle su wuri ɗaya da kaji.  A raba su da shinge, kowa da kwanonsa, kuma a fara ba kaji abinci kafin a je wajen agwagi.

Dinya makiyayiya ce, ciyawa ce babban abincinta kamar tunkiya. In aka kulle ta aka ce hatsi kawai za ta ci, sai ta rame ko ta ƙi ci. Dole a riƙa yanko mata ɗanyar ciyawa gajera kullum, ko ganyen kabeji da latas, daga wurin da tsuntsayen ruwa ba sa sauka, a ɗauraye kafin a ba ta. Ba ta zama a akurki. Tana son fili, aƙalla mita ɗaya murabba'i ga kowace guda, in an samu ƙari ya fi. Shinge mai raga a sama ya fi dacewa da ita fiye da rufaffen ɗaki. A Ingila ma haka aka yarje wa masu dinya, su rufe filin da raga in ɗaki bai yiwu ba.

Dinya da agwagwa ba lallai sai sun yi iyo ba, amma dole su samu ruwan da za su nutsa kai gaba ɗaya, don da shi suke wanke idanu da hanci. Bokiti ya isa. A ɗora shi kan tsakuwa ko katako don kada shimfiɗa ta zama caɓi, a canza ruwan sau biyu a yini, kuma a zubar da tsohon a rami, ba a kwatar layi ba. Namijin dinya yana da faɗa, musamman lokacin ƙwai. In maza biyu ne a raba su.

Wanda ya duba tsakar gidansa ya ga ba zai iya wannan ba, shawara ita ce ya rage garken tun suna da lafiya, tun kafin cuta ta matso: a yanka a ci, a bar kaɗan da za a iya riƙewa. Kaza biyar a killace cikin ƙoshi sun fi ashirin da za a wayi gari a kwashe a buhu.

Fasali na bakwai: Idan aka ga alama

Nan ne imani yake gwaduwa. Abin da aka saba, da an ga kaza ta yi lagwas sai a ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Ta fuskar yanka, marar lafiyar da aka yanka da sauran rai a jikinta ta yanku. Amma halaccin yanka abu ɗaya ne, cutar da kai abu ne daban, kuma shari'a ta hana shi. Hatsarin yana wajen yankan da figa da fiɗa, lokacin da jini da gashi da ƙura ke shiga hanci da ido. Su wa ke wannan aiki a gidajenmu? Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, yara na tsugune a gefe. Don haka a lokacin annoba, kazar da ta nuna alama ba a yanka ta, ba a cin ta, ba a ba kare ko kyanwa.

Kuma ba a kai ta kasuwa. Mun san ƙissar mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, da yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar a kan algus. Wanda ya ga biyu sun mutu ya kwashi sauran da asuba ya sayar da araha, ya ci haram, ya kuma kai wa wani gida masifar da yake gudu.

Abin yi shi ne: kada a taɓa mushen da hannu tsirara, a sa leda a hannu, a rufe hanci da baki. A hana komai fita daga gidan, tsuntsu ko ƙwai ko keji. A sanar da mai unguwa da ofishin likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, su za su ɗauki samfur su faɗi yadda za a yi da mushen. A gaya wa maƙwabta su tsare nasu. Wanda ya taɓa tsuntsun, in zazzaɓi da tari suka kama shi cikin kwana goma, ya tafi asibiti, ya faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Na san abin da ke hana mutane faɗa: tsoron a zo a kashe sauran. Gaskiya ne, in gwaji ya tabbatar, za a kashe su. Amma wannan cuta da wuya ta bar wa mai kaji wani abu. Wanda ya ɓoye zai rasa nasa, ya ƙara da na layin gaba ɗaya. Kashe su don tsare jama'a ya halatta, da sharaɗin a kyautata, ba a ƙona tsuntsu da rai, ba a binne shi da rai.

Naman lafiyayyar kaza kuwa babu laifi a ci, in an dafa shi ya nuna har ciki, babu ja-ja kusa da ƙashi. Zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar. Ƙwai a dafa shi har gwaiduwa ta daskare. Masu gashi su ware katako da wuƙar ɗanyen nama daga na gasasshe.

Kammalawa

Mu ɗalibai mu ne ake aika sayen dusa, mu ke share tsakar gida, mu ke zubar da shara. Saboda haka aikin nan a hannunmu yake. Kowa ya duba gidansu tun yanzu: ina za a kafa raga in an ji sanarwa? Nawa za a iya ciyarwa? Ina ake zubar da mushe? A tattauna da iyaye cikin ladabi, a karanta musu abin da ba su samu damar karantawa ba.

Tambayoyin bita:
1. Me ya sa ba a haɗa agwagwa da kaza a wuri ɗaya lokacin annoba?
2. Yaya malamai suka haɗa hadisin raƙuma da hadisin da ya kore ɗaukar cuta?
3. Wane nauyi ne ke hawa kan wanda ya killace tsuntsunsa, kuma mene ne dalili?
4. Kawo abu huɗu da za a yi idan kaji suka fara mutuwa a gida.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga annoba, Ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.